Abin da Fata Ta Riƙe

Shekara goma sha ɗaya ina ɗibar jini
a ɗakin gwaji na Asibitin Nassarawa.
"Naɗe hannun riga" ita ce gaisuwata.
Jijiya nake nema,
amma kafin in kai gare ta sai na karanta fata.

Girgis, likitan ƙashi, mutumin Masar,
yana da gicciye a wuyan hannu, bai fi ƙwayar wake ba.
Ya ce tun yana goye aka yi masa a ƙofar majami'a,
don ko ya faɗi a ƙasar da ba a san sunansa ba
a san inda za a kai shi.

Uwar wani mai yadi a Kantin Kwari, 'yar Indiya,
ɗigo uku a haɓa, kunama a dantse,
ta ce mini da Hausar da ta tsinta a kasuwa:
"Zinariya, yara su raba.
Wannan kuwa, tare za mu zama toka."

Kofur Bitrus, nau'in jininsa ne a kafaɗa, harafi ɗaya tak.
Na ce, "Ka rage mini aiki."
Bai yi dariya ba.

An ce akwai ƙasar da ɓarawo ake yi wa a goshi,
akwai wadda sai ɗan sarauta ya isa.
An tono wani mutum daga ƙanƙara, ya haura shekara dubu biyar,
nasa zanen yana nan a gwiwa da ƙugu,
daidai inda tsofaffinmu ke nuna wa wanzami su ce, nan ne.

Sai ranar da injiniyan masaƙa ya zo daga Sharaɗa,
ɗan wasu tsibirai can gabas da gabas,
hannunsa kamar saƙar faifai tun daga kafaɗa.
Ya ce da ƙayar lemo aka yi, da baƙin tukunya,
wani tsoho ya kwana biyu yana ƙwanƙwasawa.
Baƙin tukunya?
Na ajiye allura.

Da shi aka yi wa Iya Kuluwa.
A zauren Wanzam Tanimu, a Koki, tana budurwa,
ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli wata huɗu
aka yi mata jarfa: layi biyu a kumatu,
da tsuntsu guda a gindin wuya, fiffike a buɗe.
Ta ce ba ta yi kuka ba, ƙawaye na leƙe.
Ta ce saboda tsuntsun nan kakanmu ya ɓata hanya
har sau uku a lungu ɗaya.

Da girma ya zo ta ji a wa'azi cewa bai halatta ba.
Ta sa soso, ta sa sabulun salo, ta sa toka,
ta ja carbi har zaren ya tsinke.
Daga baya ta haƙura:
"Ni dai na tuba. Fata ce ba ta je wa'azin ba."

Ran sunana babana ya tsaya a bakin zaure,
ya ce a yi aski kawai, aska ba za ta sauka ƙasa da goshi ba.
Ga ni nan, fuska kamar allon da aka wanke.
Ban ce ya yi kuskure ba.
In na ɓata, katin aiki ne zai faɗi ko ni wace ce.

Ni na zuba ruwa ranar wankanta.
Tsufa ya naɗe tsuntsun, ya shige cikin tamoji,
sai wani shuɗi-shuɗi kamar tsohon rini.
Hannuna ya yi abin da ya saba:
na sa babban yatsa na ja fatar
yadda nake yi in ina laluben jijiya.

Ya buɗe fiffike.

Gwaggo Barmani ta ce, "Ke, saki, ana jiran mu."
Na saki.

Gobe da bakwai da rabi akwai layi har bakin ƙofa.
Shigo, bawan Allah. Zauna.
Naɗe hannun riga.